Tabar da Ta Ƙona Yatsan Kaka Otilia

"...Ƙafar fa, Kaka? Da sauƙi dai?"

"Ɗazu kam da sauƙi. Ina hango kunnuwanka sun shawo kwana ta motsa."

"Allah sarki. Ni ma na yi kewarki."

"Kewata ko kewar tukunyata? Tsaya nan inda kake, buɗe hannu in gani. In ba ka riƙo komai ba, gaisuwar ta isa daga titi."

Bayardo ya buɗe tafin hannu biyu, wayam, ya kuma hawo barandar ba tare da an ce ya hawo ba. Asabar ce da yamma. Masana'antun taba na Esteli sun tashi tun sha biyu, unguwa ta cika da ƙarar rediyo da ƙanshin masarar da ake dafawa don nakatamal ɗin gobe, ƙullin masara da nama da ake dafawa cikin ganyen ayaba. Kaka Otilia na kan kujerarta mai lilo, faranti a cinya, tana tsince jan wake. Shekararta tamanin da ɗaya, arba'in da shida daga ciki a kan bencin naɗin taba ta yi su. Hannu ya yi ritaya, baki ya ce shi bai san zancen ba. Ita ta raini Bayardo tun yana ɗan wata tara, lokacin da uwarsa ta tsallaka Kosta Rika neman aiki. Tun da ya iya magana suke faɗa, kuma duk ranar da maƙwabta suka ji gidan shiru sai su leƙo su ga wa ke kwance.

Yau dai dariyar tasa iya leɓe ta tsaya. Shekara biyu ke nan yana zaune benci ɗaya da Idalia, yadda ake zama biyu-biyu a kowace masana'anta: shi ya haɗa hanjin taba, wato ganyen ciki, ya matse, ita ta sa mata riga, wato ganyen da ake naɗe ta da shi ta waje. Daga miƙo wannan, karɓi wancan, abu ya zama so, so ya kai ga maganar aure. Matsalar guda ɗaya ce, amma ƙatuwa. Idalia jikar Fidelina ce. Otilia da Fidelina kuwa shekara talatin da ɗaya ke nan ba sa ga maciji, tun ranar da Fidelina ta miƙe a tsakiyar ma'aikata ɗari biyu ta ce baƙin ganyen da Otilia da mijinta ke kawo wa masana'anta rini ne. Mu a garin nan gara ka kira mutum ɓarawo da ka ce ya rina ganye. Otilia ta rantse muddin tana numfashi jinin Fidelina ba zai taka dokin ƙofarta ba. Ita kuma Idalia ta ce ba za ta auri wanda ba ta isa ta shiga gidan kakarsa ba. Ga shi an yi mata tayin aiki a Danli, tsallaken iyaka cikin Honduras, kuma jibi Litinin za ta ba da amsa. Kwana uku ke nan abinci ba ya wuce wa Bayardo.

Dabara ɗaya ta rage masa. Kaka na da wata doka da ta kafa wa kanta tun tana da ƙarfinta: duk tabar da aka kawo mata ɗanɗano, in ta sha har wuta ta taɓa mata yatsa, masu tabar za su ci abincin Lahadi a teburinta, ko su wane ne. Sau uku kacal aka taɓa yin haka. Sauran duk a rabi take ajiye su kan tasa su mutu, mai taba ya koma gida da guzurin zagi.

Ya zaro wata taba daga aljihun riga, a naɗe cikin siririn ɓawon katako mai ƙanshi, ya ɗora a kan waken.

"Mene ne wannan? Gawayi ka tsinto min?"

"Puro ce, tsohuwa, tabar ganye zalla, naɗin hannu. Idon ya tafi ke nan?"

"Idona ƙalau, shi ya sa nake shan wahalar ganin fuskarka. Ina takardar wuyanta? Taba ba suna ba dangi, kamar 'yar tsintuwa."

"Wani mutumin Honduras ne ya ba ni a tasha. Ya ce duk ƙasar nan babu mai bakin da zai yanke mata hukunci. Na ce akwai wata 'yar tsohuwa a unguwarmu, haƙoranta huɗu, amma..."

"Bakwai!"

"Har da masu kwana a kofi?"

"Ja'iri. Kai da aka haifa da kunnuwa kamar marfin tukunya, ungozoma ta rasa ta ina za ta kama ka. Miƙo min tabarau."

Ta ture faranti gefe, ta ɗaga tabar sama. Baƙa ce siɗik, mai maiƙo, jijiyoyin rigar sun kwanta luf har sai ka nema kafin ka gani. Ta shinshina gindin. Ta murza ta kusa da kunne. Sannan ta bi ta da yatsa tana latsawa a hankali, daga ƙasa zuwa sama, tana neman inda hanji ya yi ƙulli. Da babban yatsanta ya kai kan, inda rigar ke ƙarewa da 'yar murɗaɗɗiyar wutsiya, sai kujera ta daina lilo.

Bayardo ya san me ta taɓo. Idalia bahaguwa ce kamar kakarta, wutsiyarta hagu take murɗawa. Jiya ya roƙe ta ta murɗa dama ko sau ɗaya ne, ta ce hannunta bai iya ƙarya ba. Kaka ta dube shi ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa. Can kujera ta ci gaba da lilo.

"Honduras, ka ce?"

"Honduras."

"Uhm. Mutumin ya sha tafiya. Zubo min kofi, baƙi, kada ka sa sukari. Ka kawo ashana. In ka kawo min wannan abin gas ɗin naka mai warin tasha, masai zan jefa shi."

Ya kawo. Ta ɓalle kan tabar da farce, ta sa a baki ta ja iska ba wuta, ta yatsina fuska.

"Hanjin nan wani rago ne ya haɗa shi."

"Ya aka yi kika sani?"

"Ya matse shi a wuya, kamar mai tsoron a ƙwace masa. Na san wani mai irin wannan hannun. Har ya shekara bakwai yana fitsarin kwance."

"Shida."

"Au, ka san shi?"

"Labarinsa na ji."

"To ka gaishe shi. Ka ce har yanzu katifar na nan, in yana son ganin zanen da ya yi."

Ta ƙyasta ashana, ta bari kan ya cinye, ta gasa gindin tabar tana juya ta ba gaggawa, sai da ya yi ja ko'ina sannan ta zuƙa. Hayaƙi ya tashi fari, mai kauri, ya tsaya a ƙarƙashin rufin barandar kamar ba shi da niyyar tafiya. Ta rufe ido. Bayardo ya zauna a kan matakala.

"Me kika ji?"

"Hayaƙi."

"Bayan hayaƙi fa?"

"Surutunka."

"Haba Kaka."

"To, tunda ka nace. Kamar an ƙona tsohon takalmin soja."

"Ki ajiye mana, kada ki cuci kanki."

"Takalmin mai tsada ne." Ta sake zuƙa, ta saki kaɗan ta hanci, idonta ya kawo ruwa. "Akwai masoro a gaba, yana cizon hanci. Yarinta ke nan, duk ƙaramar taba da cizo take fara gaisuwa. Bari mu ga ko tana da wata magana bayan rashin kunya."

"Irin wannan ai ba a yi a zamaninku."

"A zamaninmu? Yaro, ranar da zan haifi ubanka taba ɗari huɗu na sa wa riga, naƙuda na ci na, ko ɗaya ba a dawo min da ita ba."

"Bara ɗari uku kika ce."

"Bara ban tuna da na bayan azahar ba."

"Baɗi kuma a kan bencin za ki haife shi, ki naɗe shi da ganye."

"Da na yi haka da ya fi hankali, da bai haifo min kai ba. Ka san akwai tabar da na naɗa wa wani direba, ya kunna a nan Esteli, har ya shiga Managua, can babban birni, tokar ba ta faɗi ba? Lokacin kuma hanya duk ramuka."

"Ni na ji an ce motar ce ba ta tashi ba."

"Wa ya ce?"

"Direban."

"Ya mutu tun kafin a haife ka, maƙaryaci."

"A mafarki ya zo min. Ya ce in gaya miki har yanzu yana tari."

Ta ɗaga silifa, ya kauce, ta fasa jifa don kada tokar ta zube. Abin da ya lura da shi ke nan, kuma ya ji ɗan sanyi a ransa. Tokar ta kai gaɓar yatsa guda, fara tas, a tsaye ƙyam. Kaka ta juya tabar tana neman inda wuta ta ci gefe ɗaya, ta juya ta sake juyawa, layin wutar ya zagaye daidai kamar an ja shi da zare. Haushi ya bayyana a fuskarta ƙarara, don Otilia ba abin da ta tsana irin ta nemi aibu ta rasa.

"Ni da kakanka Nemesio," ta ce, "duk ranar da muka yi faɗa da safe, shugaban aiki a toka yake ganewa. In mai hanji da mai riga ba sa shiri, wuta gefe ɗaya take ci. Sai ya zo ya tsaya a kanmu ya ce, yau kuma wa ya ƙona wake?"

"To waɗannan fa? Suna shiri?"

"Waɗannan ba su da kunya. Ko faɗa ba sa yi."

"Ke nan ta yi."

"Na ce ta yi? Wa ya tambaye ka? Ƙaro kofi."

Ya ƙaro. Taba ta doshi rabi. Cizon ya kwanta, ƙanshin ya sauya, har shi da ke matakala yana jin wani abu kamar gasasshen kofi da mazarƙwaila. Wata maƙwabciya da ke wucewa da ganyen ayaba a ka ta rage tafiya ta shaƙa, ta ce, "Doña Otilia, yau biki ake?" Kaka ta ce, "Makoki ne, ana binne sunan wani." Matar ta yi dariya ta wuce.

Daga nan ne hannun Kaka ya nufi tasa.

Bayardo ya miƙe tsaye bai sani ba. Tabar na saman tasar, saura kaɗan ta sake ta.

"Rini ce," in ji ta.

"Kaka!"

"Rini ce, na ce. Baƙin nan ya yi yawa. Ganyen saman shuka sai ya shekara uku a tsibi, ana juya shi duk lokacin da ya ɗau zafi, kafin ya yi rabin wannan. Wa ke da wannan haƙurin yanzu? Ku da kuke dafa wake a tukunya mai fito. Ɗauko min farin hankici a cikin durowa, na zuwa coci."

Ya ɗauko. Ya san ganyen, ya san inda ya fito, amma duk da haka tsoro ya kama shi, don Kaka in ta so sai ta ga baƙi a jikin madara. Ta tsoma bakin hankicin a ruwa, ta goga a jikin rigar, ta duba. Fari. Ta sake gogawa da ƙarfi. Fari. Ta goge leɓenta, ta ɗaga shi ga hasken rana, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Babu ko ɗigo.

"To?" in ji Bayardo.

"Hankicin ne ya tsufa."

"Ko dai mai hankicin. Wataƙila mai rinin gwani ne, ya iya yadda ƙyalle ba zai kama shi ba."

"Babu wannan gwanin a duniya."

"Akwai mana. Yanzu ilimi ya ci gaba, ba irin naku na da ba."

Nan ya taɓo ta inda ba a taɓawa. Ta mayar da tabar baki, ta zuƙa, ta gyara zama irin na malamar makaranta.

"Kai ka san me? Saurara in gaya maka, jahili. Ko ka tafasa jijiyar ganye da guggubin kofi, ka sa mazarƙwaila cokali uku a tukunya, kada ka kai huɗu, huɗu danƙo take yi ƙuda ya bi ka har masana'anta. Ko ka tace sau biyu da tsumman gidan sauro. Ko ka shafa da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka shanya a ƙarƙashin gado kwana biyu inda iska ba ta kaiwa. Duk ka yi wannan, ranar farko ka tsira, rana ta biyar ka tsira. Rana ta tara, in aka yi ruwa iska ta yi laima, mutum na sa ta a baki leɓensa zai koma kamar ya sha..."

Ta tsaya.

Rediyon maƙwabta na ta waƙa. Bayardo ya koma ya zauna a hankali.

"Ƙarƙashin gadon wa, Kaka?"

"Gado dai. Kowa na da gado."

"Cokali uku, kada a kai huɗu. Wa ya gwada huɗun?"

"A rediyo na ji."

"Wace tasha ce ke koyar da rinin taba?"

"An rufe ta."

"Kaka."

"Kada ka ƙara ce min Kaka da wannan muryar ta limamin coci."

Ta kau da kai wajen titi. Ta yi ta zuƙa tana saki. Da ta buɗe baki, muryar ba ta faɗa ba ce, kuma rabon da ya ji ta haka tun ranar da aka binne kakansa.

"Sau ɗaya ne. Shekarar da Nemesio ya faɗo daga rumfar shanya ganye ya karya ƙugu. Wata huɗu yana kwance. Tsibi ya ɗau zafi ba mai juyawa, ni ina masana'anta, in dawo in yi jinya. Rabi ya ruɓe. Wanda ya rage saura shekara guda ya nuna, masana'anta kuma ba ta jira, in ba ka kawo ba wani za a ba. Yara biyar, ba masara a gidan. Na yi. Shi har ya mutu bai sani ba, a kan gadon yake kwance abin na bushewa a ƙarƙashinsa."

Tausayinta ya kama Bayardo. Ya so ya taso ya riƙe ta, amma ya san silifa zai sha.

"Ke nan Doña Fidelina gaskiya ta faɗa."

"Shi ne abin da ya fi ciwo, sakarai! Da ƙarya ta yi min ai wata uku in manta. Matar nan ita ta riƙe ubanka ranar baftisma. Kwano ɗaya muke ci shekara goma sha tara. Da ta ja ni bayan ɗaki ta zage ni tas, da na durƙusa mata. Sai ta miƙe a gaban mutum ɗari biyu, leɓe baƙi ƙirin kamar akuyar da ta shiga gawayi, tana nuna ni da yatsa."

"Ta ce tsoro ne ya kama ta. Ita aka sa ɗanɗanon ranar, ta ɗauka za a ce da ita aka haɗa baki. Ta ce maganar na fita ta so ta haɗiye ta."

"Ta ce? Wa ta ce wa? Mutumin Honduras?"

Ya sunkuyar da kai. Ƙarya ta ƙare, kuma ya ji sauƙin ƙarewarta.

"Hanjin nawa ne. Rigar Idalia ce ta sa."

"Ka ɗauka yau aka haife ni? Tun da yatsana ya taɓa wutsiyar nan na sani. Duk Esteli gida ɗaya ne ke murɗa ta hagu ya soke bakin a ciki. Shekara goma sha tara ina kallon hannun da ya fara yin ta."

"To me ya sa kika kunna?"

"Don in sami aibunta in jefe ka da ita."

"Kin samu?"

"Ina nema. Kada ka dame ni."

"Ganyen rigar ma ba na masana'anta ba ne, Kaka. Na Doña Fidelina ne, daga ɗan tsibin da take yi a bayan gida. Shekararsa biyar. Da hannunta take juya shi, ga ciwon baya. Da Idalia ta gaya mata inda za a kai tabar, ita ta buɗe ta zaɓo. Ta ce a kai wa Otilia, ita kaɗai ta rage a garin nan da ta san baƙi na gaskiya."

"Ta dai san na ƙarya ma na sani. Tsohuwar banza. Har yanzu ba ta daina tsokana ba."

Amma muryar ta karye a tsakiya, kuma ta ɗauki hankicin coci ta goge ido tana cewa hayaƙi ne.

"Jibi za ta amsa wa mutanen Danli," in ji Bayardo. "In ta tafi, ni ban san yadda zan yi ba. Ba zan iya kawo mace garin nan in ce mata ga gidan da na tashi amma kada ki shiga ba. Ba zan kuma iya wuce ƙofarki in yi kamar ban san ki ba. Ke ce uwata, ke ce ubana, ko da yake kin fi su duka baƙin hali."

"Ka ga, har ka fara magana mai daɗi sai da ka ɓata. Halin kakanka sak. Shi ma ranar da ya zo neman aurena cewa ya yi... Wash!"

Ta yarfe hannu. Guntun tabar, wanda bai fi ƙwayar dabino ba, ya faɗa cikin farantin wake.

Bayardo ya daka tsalle har kansa ya bugi tukunyar fulawa da ke rataye.

"Ta ƙona ki!"

"Sauro ne."

"Sauro mai hayaƙi? Kawo yatsan!"

"Kada ka taɓa ni."

"Ga shi nan ya yi ja! Jama'a, ku zo ku gani! Doña Otilia ta ƙone!"

"Rufe min baki, mai kunnen tukunya, kada ka tara min unguwa! Wannan ba ya cikin lissafi. Surutunka ne ya ɗauke min hankali."

"Dokar ba ta ce sai an yi shiru ba. Ga tasa nan a gefenki tun ɗazu, wa ya riƙe miki hannu?"

Ta sa yatsan a baki tana hararsa. Harara ta yi harara, sai kafaɗunta suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke fito da haƙora bakwai ɗin duka a ƙirga su.

"To, ji hukunci, don ba zan maimaita ba. Ta fara da masoro, ta koma kofi da mazarƙwaila, a ƙarshe ta zama ƙasar gona bayan ruwan farko. Ba ɗaci, ba zafi, har inda ta cije ni. Rigar nan ban ga irinta ba tun da na bar benci. Yarinyar ta fi ka, ta fi kakarta." Ta hura yatsan. "Ta kusa kamo ni."

"Kusa?"

"Kada ka zaƙe. Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai gwangwanin biskit. Ɗauko."

"Gadon nan dai?"

"Za ka ɗauko ko sai na tashi?"

Ya ɗauko. Ta buɗe, ta ture tsofaffin hotuna da katin baftisma, ta zaro wani abu a naɗe cikin tsumma mai maiƙo. Wuƙar yankan riga ce, faffaɗa, mai baki kamar jinjirin wata, ba ta da ƙota. Ko ɗigon tsatsa babu, bakin na walƙiya.

"Ba taka ba ce, hannunka na rago ne. Ka ba yarinyar."

Ya juya ta a hannu. Inda yatsa ke zama ya lotsa, amma ta gefen da bai saba gani ba.

"Kaka, wannan ai ta bahago ce. Ke kuma da dama kike aiki."

"Ta Fidelina ce. Da safen ranar ta ba ni in wasa mata, don ni na fi ta iya wasa wuƙa. Kafin azahar ta yi abin da ta yi. Ni kuma na ce in tana so ta zo ta karɓa."

"Shekara talatin da ɗaya?"

"Ba ta zo ba."

"Wa yake shafa mata mai?"

"Aljanu. Ina ruwanka?"

Ya tsaya yana kallon wuƙar, idonsa ya cika. Sai ya faɗi abin da ya saba.

"Wato kyauta za ki yi da kayan mutane. Ga rini, ga riƙe wuƙar aro. Ashe a gidan 'yar ta'adda na tashi."

"Kuma ka yi ƙiba a ciki. Tashi ka ba ni wuri. Ka ce gobe bayan coci, ƙarfe ɗaya, in an makara na rufe ƙofa."

"Idalia kaɗai?"

Kaka ta shiga tsince toka daga cikin wake, ba ta ɗago ba.

"Dokar cewa ta yi masu taba. Ganyen daga sama ya faɗo? Ka ce tsohuwar ta zo da haƙoranta, nakatamal ɗina ba na masu dasashi ba ne. Ka biya ka ƙaro masara da ganyen ayaba. Kuma in ta kuskura ta ambaci rinin kofi a teburina, da ita da jikar da kai duk titi."

Bai jira ƙarshen ba. Ya sumbaci tsakar kanta, ya sha silifa a baya, ya tsallake matakala uku a tashi ɗaya, wuƙar a ƙirjinsa. Har ya kai kwana ya jiyo muryarta ta cika layin.

"Kuma hanjin ya matse a wuya! Ka gyara kafin ka kashe wani!"

Da ta tabbata ya ɓace, ta waiga dama da hagu. Ta tono guntun tabar daga cikin wake, ta hure shi, ta ga da sauran wuta. Ta zare tsinke daga gashinta ta soka masa, ta jingina da kujera, ta ci gaba da zuƙa.